Kunkurun Gidan Wankan Matsuba

"Ka buɗe! Don Allah ka buɗe, mutuwa zai yi!"

Isamu ya yar da burushin da yake cuɗa daɓe da shi, ya ruga ƙofa. Gidan wankansu ba ya karɓar jama'a sai yamma, yanzu kuwa ko azahar ba ta yi ba. Yana zare sakata iska ta danno da dusar ƙanƙara, tare da wata budurwa mai jar hula, ta rungume wani abu a cikin rigar sanyinta.

Idanunta ya fara gani. Manya ne, jiƙe da hawaye. Take ya manta da burushi da daɓen gaba ɗaya.

"Jariri ne?" ya tambaya.

"Gonta ne. Ƙanƙara ta karya turakun wutar unguwarmu tun asuba, fitilun da ke ɗumama shi duk sun mutu. Na hango hayaƙin murhunku, na san ku da itace kuke dafa ruwa."

Ta buɗe rigar. Kunkuru ne, girmansa kamar kwanon miya, wuyansa a saki, fatar duk tamoji kamar tsohuwar safa. Tsikar jikin Isamu ta tashi. Shi fa mutum ne da ko kuɗi ya karɓa sai ya wanke hannu. Amma ga idanun nan suna kallonsa.

"Shigo," ya ce.

Ya ɗauko bahon katako ya surka ruwa. Ta ce kada ya yi zafi, kuma kada ya wuce haɓar kunkurun, don ba ya iya iyo. Suka tsuguna a gefen babban kwamin da maza ke shiga wanka suna jira. Sunanta Fuyumi, a shagon furanni take aiki, Gonta kuwa gadonta ne daga wurin marigayi mahaifinta.

Can sai kunkurun ya motsa ƙafa. Ya ɗaga kai. Sannan ya saki wani abu kore-kore mai yauƙi, ya biyo shi da wani fari kamar lalataccen kindirmo. Warin ya bi tururi ya cika ɗakin.

"Ya yi kashi!" Fuyumi ta tafa hannu tana dariya da hawaye. "Ka gani? Ruwan ɗumi ke sa su. Ya warke ke nan!"

"Madalla," in ji Isamu, yana kawar da hancinsa gefe.

Sai aka ji tarin Baba Genzo a zaure. Tsohon nan tun zamanin kakan Isamu shi ke shiga ruwan fari, kafin kowa, ba mai hana shi. Isamu ya rikice, mace a ɓangaren maza! Ya naɗe kunkurun a tawul, ya ja ta ta ƙofar ɗakin murhu. Bahon ne ya manta.

Shi kuwa Baba Genzo, kamar kowane mutumin kirki, ba ya tsoma ƙafa a kwami sai ya watsa ruwa a jikinsa. Ya cire tabarau, ya lalubo baho cike da ruwan ɗumi, ya ce yaron nan akwai ladabi. Ya juye shi tun daga tsakar kansa, ya faɗa kwami.

Ihunsa har shagon mai awara aka ji.

Ranar ba a buɗe gidan wankan Matsuba ba. Uwar Isamu, Toshie, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mijinta, ta sa aka zubar da ruwan kaf. Ta tsaya a kan ɗanta, gyale ɗaure a hanci, yana cuɗa.

"Kunkuru! A kwamin ubanka! Tir da wannan rana. Cuɗa can lungun, ina ganin wani kore."

Da yamma saƙon Fuyumi ya shigo wayarsa.

"Ka yi haƙuri da abin da muka jawo maka. Gonta ya ci ganyen kabeji. Ya ce in gaishe da mai cetonsa."

Ya goge hannunsa da ya yi ja don sabulu, ya rubuta: "Ki ce masa ina amsawa. Kyakkyawa ne sosai."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma ita ta buɗe masa hanya.

Ko da wuta ta dawo, ɗakin Fuyumi na haya bai daina zubar da sanyi ta taga ba. Don haka kullum kafin ta tafi shago sai ta biyo ta bayan gida ta ajiye Gonta a ɗakin murhu, cikin akwati, nesa kaɗan da wuta. Ta rataya ma'aunin zafi a ƙusa, ta kafa fitila mai hasken rana don kada ƙoƙon bayansa ya yi laushi. Isamu yakan tsaya daga bakin ƙofa yana murmushi, numfashinsa a riƙe.

"Zo ka shafa wuyansa mana, Sarkin Tsafta. Yana so."

"Hannuna da sanyi, Zumata. Kada in cutar da shi."

"Kai da ke wuni cikin ruwan zafi?"

Sai ya miƙa yatsa ɗaya ya taɓa, ya ji kamar ya taɓa fatar kazar da ta kwana. Tana juya baya yake rugawa famfo.

Amma in sun zauna a kan tulin itace suna shan madarar kwalba, tana ba shi labarin masu sayen furanni don ba matansu haƙuri, sai ya ji ko kada ta kawo zai karɓa.

Kafin tsakiyar hunturu ya gaya wa uwarsa yana son ya aure ta. Toshie ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Yarinyar ba ni da ta cewa a kanta. Tana gaishe ni, tana jera takalmanta daidai. Amma abin nan ba zai kwana a gidana ba."

"Mama, a ɗakin murhu fa..."

"Mu tsafta muke sayarwa, Isamu, ba ruwa ba. Ruwa kowa yana da shi a gida. Ka san yadda Genzo ke shinshina baho yanzu kafin ya ɗauka? A gaban mutane! Kuma an ce kunkuru sai ya shekara ɗari. Ni in mutu, kai ka mutu, yana nan yana kashi a gidanmu. Ga Michiru 'yar mai awara, ko kyanwa ba ta da ita."

Michiru kuwa kamar jira take. Ta shiga kawo awara mai zafi kowace safiya, da farin ƙyallen aiki a ƙugu, fes da ita. Wata safiya ta tarar da Isamu a famfon baya yana dirzar hannu.

"Yaya Isamu, fatar za ta fita fa. Ni dai tausayinka nake ji. Faɗa min gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba. Kana son dabbar nan?"

Ya gaji da riƙe abin a ciki. "So? Michiru, in na ga yana tauna ganye da wannan bakin nasa kamar na tsohuwa mara haƙori, abincin ranar ya fita raina. Warinsa har cikin mafarki nake ji."

Michiru ta yi murmushi, idonta a kan kafaɗarsa. Ya waiwaya. Fuyumi ce tsaye, da jakar ganye a hannu.

Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗakin murhu, ta kwance fitilarta, ta zare ma'aunin zafinta, ta saka Gonta a riga.

"Da ka faɗa min tun farko," ta ce. "Ba ƙyamar ce ta ƙona min rai ba. Murmushin da kake yi ne."

Ya tura saƙo: "Zumata, ki saurare ni. Bakina ne ya zame."

Ta amsa: "Bai zame ba, yau ne ya tsaya daidai. Ka wanke hannunka da mu gaba ɗaya."

Daga nan shiru. Ɗakin murhu ya koma ƙamshin itace zalla, kamar yadda yake so, amma sai ya riƙa samun kansa yana duban ƙusar da babu komai a jikinta. Awarar Michiru ta yi ta sanyi a kan tebur ba wanda ya taɓa.

Ranar da ƙanƙara ta rufe titunan gari, motoci suka tsaya, wayarsa ta yi ƙara da hantsi.

"Ba don kai na rubuto ba. Zazzaɓi ya kayar da ni, ba na iya tashi. Gonta yana fitar da kumfa ta hanci, ya ƙi cin komai. Ba ni da wanda zan kira."

Ko rigar kirki bai tsaya nema ba. Ya tarar da ita kwance cikin bargo tana rawar ɗari, ɗakin kamar cikin firji. Kunkurun na lungu, baki a buɗe, majina na kumfa tana fashewa a hancinsa.

"Likitan dabbobi yana tsallaken gada," ta ce da ƙyar. "A ƙasa za ka tafi. Kada ka sa shi a jaka, sanyi zai ƙarasa shi. Sai a jikin mutum. Fata da fata."

Isamu ya dubi majinar. Ya ɓalle maɓallan rigarsa, ya rufe ido, ya manna kunkurun a ƙirjinsa, ya ɗaure da ɗamara.

Faratan suka karce shi. Majinar ta bi gashin ƙirjinsa. A tsakiyar gada ya ji wani ɗumi yana gangarowa ta cibiyarsa har cikin wando, zarni ya taso ta wuyan riga kai tsaye zuwa hancinsa. Ya dafa ƙarfen gada ya yi amai cikin kogi, hannu ɗaya tallabe da Gonta.

"Kai dai ba ka da mutunci," ya ce masa. "Ko kaɗan. Riƙe ranka, mun kusa."

Likita ya yi wa kunkurun allura, ya ce sanyi ne ya kama huhunsa, kuma in ya sake kwana a ɗaki mai sanyi, to a haƙa rami. Don haka Isamu bai nufi ɗakin Fuyumi ba. Gida ya nufa, kuma ta ƙofar gaba ya shiga, lokacin zaure cike da tsofaffi masu jiran a buɗe.

Warin ya riga shi shiga. Baba Genzo ya ja da baya har ya take takalman mutane. Michiru, da ta sake kawo awara da yamma, ta toshe baki ta fice, ba ta ko ɗauki farantinta ba.

"Isamu!" Toshie ta daka tsawa daga kan kujerar karɓar baƙi. "Mene ne wannan a wandonka? Ajiye abin nan a waje ka shiga ruwa!"

"Ba zan ajiye ba, Mama. Sai ya ji ɗumi tukuna. Daga nan kuma zan koma in goyo mai shi, ita ma tana kwance."

Toshie ta ƙura wa ɗanta ido. Yaron da tun yana ƙarami ba ya cin shinkafar da wani ya dunƙula da hannu, ga shi tsaye jiƙe da fitsarin dabba, amma ya ƙanƙame ta kamar ɗan fari.

Ta ja dogon tsaki, ta sauko.

"Wuce da shi ɗakin murhu, kana ɗiga min a tabarma. Ita kuma ka kawo ta ɗakina, zan dama mata kunun shinkafa. Wanda ya jure wannan, wa zai iya raba shi da ita?"

Bayan zazzaɓin ya sauka, Isamu ya durƙusa a gefen shimfiɗar Fuyumi.

"Zumata, ba zan sake yi miki ƙarya ba. Har yanzu ƙyamarsa nake ji. Ina jin har in mutu haka zan ji. Amma zan kwashe kashinsa kowace safiya ina yamutsa fuska, in dai ke ce za ki tsaya kina yi min dariya. Za ki aure ni?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Yamutsa fuskar nan ta fi min murmushin can sau dubu, Sarkin Tsafta. Na yarda."

Aka ɗaura auren da furannin bazara suka buɗe. Ango da amarya suka kurɓi giyar shinkafa a gaban dangi, aka dawo zauren gidan wanka aka baje abinci. Toshie ta sa kafinta ya yi wa Gonta ɗaki na katako a jikin bangon murhu, da fitilunsa da bahonsa na kansa, wanda ta shafa wa jan fenti don kada wani ya sake kuskure. Ita dai ba ta leƙa shi sai da gyale a hanci.

Baba Genzo ya miƙe da kofi a hannu. "Na yafe wa ɗan banzan kunkurun nan. Ku kuma Allah ya ba ku tsawon ransa, ya cika gidan nan da 'ya'ya, ya sa ku tsufa tare har ku yi tamoji irin nasa!"

Aka amsa da tafi. Fuyumi ta matse hannun mijinta a ƙarƙashin tebur.

Tafin bai gama lafawa ba aka ture ƙofar zaure. Wani dogon mutum da ba wanda ya sani, cikin takalman roba, ya turo baro ciki yana haki. A cikin baron wani kunkuru ne kamar turmi, yana tauna gefen bargon da aka rufa masa, wani ruwa mai kauri na ɗiga ta ƙasa kan tabarmar biki.

Mutumin ya sunkuya cikin ladabi.

"A gafarce ni. An ce nan ne gidan da ake ba su masauki. Mace ce, kuma ina jin ƙwai take shirin yi."

Idanun amarya suka yi haske. Isamu ya ajiye tsinken cin abincinsa a hankali.