Naja'atu Gwanar Kwatance

A unguwarsu a Batsari, babu wanda ya kai Naja'atu iya kwatance. In baƙo ya ɓata hanya, ita ake kira. Za ta gaya masa inda zai bi da inda zai juya, har da karen da zai yi masa haushi. Tana aji uku a ƙaramar sakandare, kuma bakinta ba ya gajiya.

Yayanta Sahabi, wanda take kira Hamma, ya gama karatun kiwon lafiyar dabbobi, amma bai samu aiki ba tukuna. Ran kasuwar Safana yakan hau babur ya je ya yi wa dabbobin mutane allura.

Wata rana Malama Sadiƙa, mai koya wa su Naja'atu kwamfuta a makaranta, ta nuna musu wani shafi a intanet.

Ta ce, "Nan ne masu neman aiki suke rubuta abin da suka iya. Masu ɗaukar ma'aikata kuma su shigo su duba. Amma ku saurara da kyau. Akwai abin da ake rubutawa, akwai wanda ba a rubutawa."

Naja'atu ba ta ji ƙarshen maganar ba. Hankalinta ya riga ya tafi gida wajen Hamma.

Da yamma ta same shi yana goge babur ɗinsa.

"Hamma, ba ni wayarka in buɗe maka shafin neman aiki."

"Ke ɗin? Yaushe kika iya?"

"Yau ɗin nan aka koya mana."

Ya miƙa mata yana dariya. "To, rubuta karatuna da aikin da na iya. Kada ki cinye mini data."

Ta rubuta karatunsa. Ta rubuta aikinsa. Da ta duba, sai ta ga abin ya yi kaɗan, kamar tuwo ba miya. A garinsu ai ba haka ake gabatar da mutum ba. Sai an ce ɗan wane ne, kuma gidansu yana wuri kaza.

Saboda haka ta ƙara sunan mahaifinsu, Malam Hashimu, da lambar wayarsa. Ta rubuta ranar da Hamma yake zuwa Safana da hanyar da yake bi, don a san ba malalaci ba ne. Ta rubuta yawan shanunsu da inda garken yake, don a san cikin dabbobi ya tashi.

Baffa kuwa, wato mahaifin nasu, ko ƙaninsa bai taɓa gaya wa yawan shanunsa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Alhamdulillahi, akwai na shan nono." Ita Naja'atu a ɓoye ta ƙirga su.

Daga nan ta zo kan abin da ta fi ƙwarewa. Ta rubuta: "In ka sauka a tasha, ka bi ta bayan masallaci. Ka wuce mai injin niƙa. Za ka ga wata tsamiya. Gidanmu ne mai shuɗiyar ƙofa."

Sahabi ya leƙa, ya ga hotonsa ya yi kyau, ya ce, "Madalla." Bai karanta sauran ba.

Bayan 'yan makonni, ran kasuwar Safana, Naja'atu ta dawo daga makaranta. Tana cin abinci sai wayar Baffa ta yi ƙara. Wayar mai amo ce, kowa a tsakar gida yana jin mai magana.

Muryar wani namiji ce, kuma ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Malam Hashimu ne? Mai shuɗiyar ƙofa, kusa da tsamiya?"

"Ni ne. Wa ke magana?"

"Kai ne mai shanun nan a bayan gari ko? Sahabi ya tafi Safana yau? To, muna nan tafe..."

Sai layin ya yanke.

A wannan yanki, ko yaro ya san abin da irin wannan waya take iya nufi. An sha jin labarin mutanen da miyagu suka tare a hanya, da garken da aka kora.

Baffa ya kira lambar, ba ta shiga ba. Ya kira lambar Sahabi, ita ma ba ta shiga ba. Ya sake kira, duk ɗaya.

Inna Asta, mahaifiyarsu, ba ta taɓa faɗin sunan Sahabi ba, domin ɗanta ne na fari. Kullum "yaron nan" take cewa. Amma ranar sai ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Sahabi! Ya Allah ka tsare mini Sahabi."

Jin sunan a bakin Inna ya fi komai tsorata Naja'atu.

Baffa ya ce, "Wa ya ba su lambata? Wa ya yi musu kwatancen gidan nan?"

Shuɗiyar ƙofa. Tsamiya. Naja'atu ta san waɗannan kalmomi, domin nata ne. Ta fashe da kuka.

"Baffa, ni ce. Ni na rubuta a shafin Hamma."

"Wane shafi?"

Ta gaya masa komai, tana shessheƙa. Da ta zo kan shanun, Baffa ya zuba mata ido.

"Har da su? Abin da ban gaya wa ɗan'uwana ba, shi kika gaya wa duniya?"

"Na ɗauka masu ba da aiki ne kaɗai za su gani."

Baffa bai daka mata tsawa ba. Da ma ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya sa hularsa kawai ya fita ya kira maƙwabta. Nan da nan maza suka taru a ƙofar gida. Aka tura wani a babur ya bi hanyar Safana ya nemo Sahabi.

Naja'atu ta laɓe a zaure tana leƙe ta kafar ƙofa. Duk addu'ar da ta iya sai da ta karanta.

Can sai ga wata farar mota ta karyo kwana daga wajen mai injin niƙa. Ba ta tsaya tambayar kowa ba. Ta wuce tsamiya, ta tsaya daidai shuɗiyar ƙofa.

Aka buɗe motar. Sai wata mata ta fito, sanye da hijabi da takalmin roba irin na shiga garke.

"Salamu alaikum. Lafiya na ga jama'a haka?"

Ta gaida Baffa da ladabi. Ta ce sunanta Dakta Ramlat, likitar dabbobi daga Katsina. Tana neman matasan da za su yi aikin rigakafin shanu a ƙauyuka. Ta ga shafin Sahabi, kuma da ma aiki ya kawo ta Batsari. Direbanta ne ya kira, sabis ɗin waya ya ɗauke kafin ya yi bayani.

Baffa ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya ce, "Alhamdulillahi." Direban ya sha faɗa wajen dattawa saboda rashin iya gaisuwa, har ya rasa inda zai sa kansa.

Ana cikin haka sai aka ji ƙarar babura. Sahabi ne tare da wanda aka aika, lafiyarsa ƙalau. Naja'atu ta ruga ta riƙe rigarsa, ta ƙi saki.

Da aka shiga gida aka kawo fura, Dakta Ramlat ta ji duk abin da ya faru. Ta kira Naja'atu ta zaunar da ita kusa da ita.

"Ke ce mai kwatancen? Gaskiya kin iya. Tun daga tasha ban tambayi kowa ba. To amma ki yi tunani, 'yata. Yadda ya kawo ni, haka zai kawo kowa."

Naja'atu ta sunkuyar da kai.

"Ni abu kaɗan nake nema a shafin: me ya karanta, me ya iya, a ina ya taɓa aiki. Sunan gari ya isa. In ina son magana da shi, sai in tura saƙo ta shafin. Sauran duk na gida ne."

Sahabi ya ce, "Ni ma da laifina, Baffa. Shafina ne, ban karanta ba."

Nan take suka buɗe wayar. Naja'atu da hannunta ta goge kwatancen, da lambar Baffa, da ranar kasuwa, da shanun. Shafin ya koma ɗan ƙarami. Dakta ta duba ta ce, "Yauwa. Wannan ya ishe ni." Ta ce Sahabi ya same ta a Katsina da takardunsa.

Baffa dai bai yi sakaci ba. Ya sauya wa garken wuri, Sahabi kuma ya daina bin hanya ɗaya kullum.

Washegari Naja'atu ta ba Malama Sadiƙa labari. Malama ta sa ta tsaya gaban aji ta faɗi abin da ta koya.

Ta ce, "A shafin neman aiki, ka rubuta iliminka da aikin da ka iya. Kada ka rubuta kwatancen gidanku, ko dukiyarku, ko lokacin da kake tafiya. Kuma kafin ka sa, ka nuna wa babba."

Sahabi ya samu aikin. Ranar da labarin ya zo, Inna ta ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka." Naja'atu ta yi murmushi. Inna ta koma cewa "yaron nan", wato hankalinta ya kwanta.

Baffa ya dubi Naja'atu ya ce, "Ke gwanar kwatance, shanu nawa ne a gidan nan?"

Ta gyara zama ta ce, "Alhamdulillahi, Baffa, akwai na shan nono."