Muryar Rahama a Garkar Tondibia

Littafin ƙawarta Balki kawai ta je ɗaukowa. Rahama ta sauka daga taksi a bakin hanyar Tondibia rana ta riga ta yi ja, ta ɗaga wa direba hannu ba tare da ta ce uffan ba. Ba girman kai ba ne. Muryar ce babu.

Malama ce a wata makaranta a unguwar Kirkissoye, 'yan aji ɗaya take koyarwa, irin yaran nan da ba sa jin magana sai da murya mai kauri. Allah kuwa ya ba ta. In ta ce a zauna, har 'yan ajin da ke maƙwabtaka da nata zama suke yi. Ga shi ranar Litinin za a koma makaranta, ita kuma tun makon jiya in ta buɗe baki sai iska, sai raɗa da ƙyar. An duba maƙogwaron a likita an ce lafiya lau. Ta sha zuma da citta da kanumfari har ta tsani warinsu. Daraktan makaranta ya riga ya aiko mata cewa in abin bai sake ta ba, dole a ba wata malama ajin. Wannan maganar ta fi ciwon ci mata rai, domin ban da koyarwa ba ta san wata sana'a ba, kuma tana son yaran nan fiye da yadda take nunawa.

Abin ya samo asali ne daga hutun damina. Ita da abokan aikinta suka buɗe gurup a waya, suka yi alkawari: kowane mako littafi guda, wadda ta gama ta aiko da saƙon murya ta faɗi yadda ta gan shi. Sauran suna yi da kunya da kara. Rahama kuwa fiɗe littafi take yi kamar ragon layya. Wani marubucin ta ce ko matarsa ba za ta iya gama littafinsa ba. Wani ta ce da takardar aka ba mai ƙosai da ta fi amfani. 'Yan gurup suka riƙa jiran saƙonta suna shan dariya, ita ma ta san ana jira, sai abin ya hau mata kai.

A gidansu karatu ba ya yiwuwa saboda injin niƙan maƙwabta, shi ya sa take tsallako gada ta zo garkar Gwaggo Tabawa, ƙanwar babanta, wani lambu a bakin kogi. Akwai wani tsohon mangwaro a can ƙarshen garkar, nan ta mayar wurin zamanta. Shekarun da ta yi da 'yan aji ɗaya sun bar mata hali: ba ta jin daɗin karatu a zuci, sai a fili, yatsa na bin layi kalma bayan kalma. Ran farko ma, don nishaɗi, ta dubi itatuwa da ciyawa ta tafa hannu sau biyu ta ce, "To yara, ku matso, ku zauna." Ta yi dariyarta ita kaɗai. Daga nan kullum da haka take farawa.

Littafin ƙarshe Balki ce ta ba ta aro, abokiyar aikinta, ta ce a unguwar Zongo ta tsinto shi wajen mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Labarin wata mata ce, Aisa, wadda mijinta Mu'azu ya yi arewa neman aiki, shiru babu labari. Rahama ta kai rabi ta gaji. Ta leƙa shafin ƙarshe da ido kawai, ta ga Aisa mutuwa ta yi, mijin bai iso ba sai bayan an rufe ta. Ta ja tsaki, ta danna waya ta ce, "Balki, kin ɓata mini lokaci. Mace ta zauna jiran namiji shafi bayan shafi! Ni na ajiye nan." Ta yar da shi a gindin mangwaron ta yi tafiyarta. Kafin ta hau gada muryar ta dishe. Da safe babu ita.

Yanzu Balki tana son littafinta.

Gwaggo Tabawa na zaune ƙofar gida tana tsintar zogale. Ta ɗago ta dube ta.

"Mi ya kawo ki da almuru, ɗiyata?"

Rahama ta sunkuya kusa da kunnenta. "Littafin Balki, Gwaggo. Garka na bar shi."

"Ki bari sai da sahe mana."

"Da safe likita zan koma."

"To yi maza. Masu ban ruwa duk sun tashi, ba kowa ciki. Kuma ki yi sallama in za ki shiga, ke ba ki sallama."

Rahama ta yi murmushi. Da wace muryar?

Ta tura ƙyauren kara ta shiga. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, takalminta na maƙalewa a laka. Ƙamshin na'ana'a ya gauraye da warin ruɓaɓɓen ganye, can daga ƙauye hayaƙin girki na tasowa. Kogin ya cika ya yi ja kamar kunun kanwa, yana tafiya ba ƙara. Kwaɗi sun cika wurin da kuka. Sauro ya fara yi mata waƙa a kunne.

Littafin yana nan inda ta yar da shi, a buɗe, a kife kan saiwa. Ta ɗauka. A bushe yake ƙamas. Ruwan da aka yi ta tafkawa duk makon nan ko ɗigo bai taɓa shi ba, gara ma ba ta kusance shi ba.

Sai ta lura da ciyawar da ke gabanta.

A kwance take, gurbi-gurbi, layi-layi, kamar inda aka daɗe ana zama. Na gaba ƙanana, na baya sun fi faɗi. Haka take jera 'yan ajinta.

Kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya.

"Madam."

Tsigar jikinta ta tashi. Ba don an kira ta ba. Don ta san muryar. Tata ce, da kaurinta da komai, tana fitowa daga layin gaba, daidai tsayin gwiwarta.

"Madam, sai me ya faru da Aisa?"

Ta buɗe baki za ta nemi tsari, iska kawai ta fita. Ta juya wajen hanyar da ta biyo. Ciyawar hanyar na lanƙwashewa a hankali, gurbi bayan gurbi, ana ƙara zama. Wani ɗumi ya kewaye ta, irin na ɗaki cike da mutane, da wari kamar na gashin da wuta ta lasa.

"Kin ce mu zauna," muryar ta ce a hankali. "Muna zaune."

Ta zauna kan saiwar. Ta juya littafin, ta ɗora yatsa inda ta tsaya, ta motsa leɓe.

Muryar ta fito, cikakkiya, daga maƙogwaronta.

Saura kaɗan ta fashe da kukan murna. Ta ɗaga kai ta ƙwala, "Gwaggo!" Ko ita ba ta ji kanta ba. Nan ta gane aro aka ba ta, na karatu kaɗai.

Ta ci gaba. Shafi ya bi shafi, rana kuwa ta ƙi faɗuwa. Tana nan ja a bakin ruwa kamar an kafe ta. Babu tsuntsu, babu iska, sai muryarta da ƙarar takarda.

Suna saurare irin sauraron da ba ta taɓa samu a aji ba. Inda Aisa ta kori akuyar maƙwabta da muciya, sai ta ji 'yar dariya ƙasa-ƙasa ta bi layukan. Inda aka zo wa Aisa da labarin ƙarya cewa an ga mijinta, wurin ya ja numfashi lokaci guda. Ashe matar ba zaman jira kawai take yi ba. Tubali take bugawa da hannunta, tana gina ɗaki don kada ya dawo ya tarar da ita a gidan haya. Rahama ta ji kunya ta kama ta a tsakiyar tsoron. Duk wannan yana gaban inda ta ja tsaki da shafi kaɗan.

Aisa ta kwanta ciwo.

Guraben layin gaba suka matso. Wani numfashi mai sanyi ya sauka a wuyanta ta baya, yana leƙen littafin ta kan kafaɗarta.

Ta san abin da ke tafe. Waɗanda suka ɗauke mata murya don ta bar labari a rabi, me za su yi mata in ta kashe musu Aisa? Ta ƙura wa shafin ido, ta gyara murya.

"Ana nan sai ga sallama a ƙofa," ta ce. "Aisa ta ɗaga kai. Mu'azu ne, da jakarsa a kafaɗa. Ta miƙe, ciwon ya sake ta nan take..."

Shiru.

Wani abu mai sanyi, mai laima, ya kama wuyan hannunta.

"Madam." Raɗa ce, a cikin kunnenta. "Yatsarki ta tsaya."

Ta duba. Tana nan kafe kan kalma ɗaya tun da ta fara ƙaryar.

Riƙon ya ƙara tsanani. Ruwan kogi ya taɓa yatsun ƙafarta, alhali ɗazu yana can nesa.

"Ki karanta abin da ke nan."

Ta karanta. Yadda Aisa ta roƙi a kwantar da ita a sabon ɗakin da ba a yi wa rufi ba. Yadda ta cika da asuba. Yadda Mu'azu ya iso ya tarar da tabarmin zaman makoki, ya shiga ɗakin ya shafa bango, ya ga sawun yatsun matarsa a jikin kowane tubali.

Sai kuka ya ɓarke.

Da muryarta suke yi, su duka. Rahama ɗari suna kuka a gindin mangwaro ɗaya. Ita ma hawaye ya wanke mata fuska, kuma ba na tsoro ba ne kaɗai. Ta rufe littafin.

Kukan ya tsaya cak.

"Ki sake."

Ta girgiza kai.

"Daga farko."

Ruwa ya kai idon sawunta. Ɗumin ya danne ta ta ko'ina, gaba da baya, har numfashi ya fara gagararta. Ta motsa leɓe, babu komai. An karɓe aron.

A nan ne abin ya faɗo mata. Yaron kirki ba ya barin aji sai an tashe shi. Duk hutun nan tana zaunar da su, ko sau ɗaya ba ta taɓa sallamar su ba.

Ta fizge hannunta. Ta miƙe tsaye a cikin ruwan, ta ɗaure fuska irin ta ranar Litinin. Ta tafa sau biyu, da ƙarfi.

"An tashi," ta raɗa.

Babu abin da ya motsa.

Sai ciyawar layin gaba ta miƙe. Sai ta bayanta. Hanya ta buɗe siririya.

Rana ta faɗi lokaci guda, kamar an hure fitila. Rahama ta zura da gudu cikin duhu, ƙaya na yagar zanenta, laka ta cinye takalmi ɗaya ba ta waiwaya ba. Tana kaiwa ƙyauren ta ji an ce daga bayanta, da ladabi, da muryarta:

"Sai gobe, Madam."

A bakin shinge Gwaggo Tabawa ta tsince ta da tocila a hannu, ana kiran isha'i. Littafin kuwa yana can gindin mangwaro.

Da gari ya waye muryar ta dawo. Ranar Litinin ta tsaya gaban sababbin 'yan aji ɗaya ta ce a zauna, aka zauna har maƙwabta. Ta nemo wa Balki wani kwafin a Zongo. A gurup kuwa saƙonta na ƙarshe gajere ne, babu dariya a ciki: ta ce ta gama littafin, ta yi masa rashin adalci, kuma duk wadda ta san ba za ta kai ƙarshe ba kada ta fara.

Sai dai kullum in rana ta yi ja, muryar tafiya take yi, ba ta dawowa sai bayan isha'i. Likita ya rasa gane kan abin. Ita ba ta sake taka Tondibia ba, ba ta kuma gaya wa kowa dalili ba.

Wata Juma'a Gwaggo Tabawa ta zo mata yini a Kirkissoye, almuru ya same su zaune a tsakar gida. Rahama tana cikin magana muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta.

"Masu ban ruwa sun bar kai almuru garka," ta ce a hankali. "Jiya ni da kaina na tsaya bakin shinge na ji ki. Kin kai wurin da matar nan ta kwanta ciwo. Kin tsaya kin yi kuka kahin ki ci gaba."

Rahama ta dafa wuyanta. Maƙogwaron ya bushe, yana zafi, irin na wadda ta daɗe tana karatu a fili.

Gwaggo ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa mata.

"Sha, ɗiyata," ta ce. "Da saura kahin ki gama."