Takardu Arba'in, Jini Ɗaya

Ranar Litinin wani asibitin kuɗi da ke Nasarawa GRA ya kai ƙara wurin 'yan sanda: takardun gwajin jinin masu shirin aure guda arba'in duk sun fito da AA, har da na masu sikila.

Muhammad Sani, manajan kamfanin da ya yi wa asibitin manhajar fitar da sakamako, bai ɓata lokaci ba. "Aikin Lai'atu ne, Yallaɓai. Sunanta na kan gyaran."

Sufeto Ɗahiru ya yarda, don ajinsu ɗaya da manajan a sakandare. Ya sa aka rufe Lai'atu, mai rubuta manhajar, ko tambaya ɗaya bai yi mata ba. Sai da ta kwana biyu ya tuna yana da kunne.

"Yallaɓai, samfuri ɗaya gare mu," in ji ta, muryarta a dishe. "Takarda ce mai gurabe, gurbin suna da gurbin sakamako. Da an taɓa shi, kwamfuta za ta sake haɗa manhajar da kanta, ta cike takardun kowa. Wani ne ya goge gurbin sakamako ya rubuta AA."

"Ba ke ba?"

"Wanda ya san aikin ba zai yi haka ba. Duba lokacin."

Ya duba. Lahadi, goma da kwata na safe. Limamin cocinsu a Tudun Wada ya tabbatar a lokacin tana gaba tana ba da waƙa. Kunya ta fara cin Sufeto.

Shu'aibu, maigadin kamfanin, ya sosa ƙeya. "Ran Lahadi Oga ne kaɗai ya shigo. Ya ce in ce yana Wudil."

Sufeto ya zube takardun a teburin manaja, ya zaro ɗaya. "Wane ne wannan Mamman ɗin mai sunan uba irin naka?"

"Ƙanena ne."

"A rajistar asibiti shi AS, yarinyar da zai aura AS. Ka buɗe kwamfutar Lai'atu, ka zaci takardarsa kaɗai kake gyarawa."

Manaja ya sunkuyar da kai. "An riga an raba goro, Ɗahiru. Wallahi ban san abin zai bi kowa ba."

"Da ya bi kowa fa? Sai ka nuna ta, ni kuma na hau ba bincike."

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi ma'aikatansa na kallo.

Sufeto da kansa ya buɗe wa Lai'atu, ya kasa haɗa ido da ita. "Malama, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta karɓi jakarta. "A ba ni kwamfutata tukuna in gyara takardun, Yallaɓai. Shida daga cikin masu su ranar Juma'a za a ɗaura musu aure."

Ya ɗauko mata kujerarsa, shi kuma ya tsaya a bayanta yana karanto sunayen.