Amarya Mai Gemu

"Kai! Ba haka ake mutuwa ba!"

Muryar ta fito ne daga ramin katanga, inda bulo ɗaya ya faɗi tun bara ba a mayar ba. Bachirou magini yana kwance a kan dandali, an soke shi da takobin kwali, ya riga ya mutu, sai tari ya sarƙe shi. Gawa ta yi tari sau uku, ta ɗaga kai ta dubi ramin. Idanu biyu ta gani, manya, cike da fushi.

Idanun Rékia ne, 'yar Malam Chékaraou tela.

Kowace Juma'a bayan la'asar, leburorin Nijar da ke ci-rani a unguwar Tayuri ta garin Sabha sukan taru a wani kango su yi wasan kwaikwayo. Labulensu buhunan siminti ne da aka harhaɗa, watansu murfin tukunya. Akwai wata akuya mai ƙaho ɗaya da ba ta taɓa fashin zuwa ba, kuma ba ta tashi sai an rufe labule. Mata ba sa shiga wurin. In wasa ya buƙaci mace, Boukari mai ɗora tayil ake lulluɓewa da mayafi, da gemunsa da komai.

Ita kuwa Rékia tun tana shekara bakwai a Tasawa take ɗaura wa ludayi da muciya ƙyalle, ta sa su yi faɗa, su shirya, su yi waƙa. Ranar da babanta ya kama ta tana kwaikwayon tafiyar liman, ya ce in ya sake jin ta da wasa, ba shi ba ita. Ta rufe bakinta shekara goma sha uku. Da suka dawo Sabha, sai Allah ya sa kangon nan ya haɗa katanga da bayan gidansu.

Ran Litinin Bachirou ya kawo rigar sarkin wasa a gyara masa hammata. Rékia ce ke yin ƙananan gyare-gyare a cikin gida. A aljihun ta tarar da takarda, da lambar waya, da layi ɗaya: "Ki koya mini mutuwa."

Ta yi tsaki, ta ɗauki waya.

"Gawa ba ta tari. Kuma kowa ya gan ka kana gyara tabarma da ƙafa kafin ka faɗi. Abin kunya."

"Ƙurar siminti ce a ƙirjina, Malama. Ran Juma'a zan mutu saboda ke."

"Kada ka mutu saboda ni. Ka mutu daidai."

Daga nan abin ya kama. Ita tana kiransa Mai Tari, shi yana kiranta Barkonota. Ta fara rubuta musu wasanni a tsohon littafin awo na babanta, ta rera waƙoƙin a hankali ta tura masa a waya. In abokansa sun tambayi inda yake samo su, sai ya ce a mafarki.

Abu ɗaya ne ya hana su zaman lafiya. 'Yan wasan nan da sunayensu na gaskiya suke hawa dandali. Mutum ya wuni yana ɗaukar bulo a rana, in ka kira shi Tanko alhali sunansa Nour, ko waiwaye ba zai yi ba.

"Wannan ba wasa ba ne, zaman shayi ne!" ta rubuta masa. "A wasan auren nan sunanka Ɗan Ladi. Maimaita."

"Ɗan Ladi, Barkonota. Ko a barci aka kira ni zan amsa."

A makon nan ne kawun Bachirou ya kai kwandon dabino gidan Malam Chékaraou neman izinin auren Rékia. Tsohon ya karɓa yana yatsina.

"Ɗan wasa?" ya ce wa Inna Roukaya, matarsa. "Mutumin da ya iya kuka ba a yi mutuwa ba? Wanda ya yi wa mutum ɗari ƙarya suka tafa masa, 'yata guda ce za ta gagare shi? Zan bincika."

Juma'a ta zo. Aka zaunar da Boukari cikin koren mayafi. Mai shela ya ɗaga murya: "Ina ango Ɗan Ladi?" Shiru. Ya sake kira, ya sake. Bachirou yana tsaye yana kallon akuya tana tauna gefen labule. Mai shela ya fusata ya kwarara: "An ɗaura auren Bachirou ɗan Salifou, magini, mutumin Mirya, da amaryarsa Hassia!" 'Yan kallo kuma, bisa sabo, suka ɗaga hannu suka shafa.

A bayan katanga Rékia ta ciji mayafinta don kada ta yi ihu.

Cikin masu kallo akwai Mas'ud, ɗan Kano mai shagon waya a unguwar Sukra, wanda sau biyu Rékia tana cewa a gaya masa ba ta nan. Ya ɗauki wasan duka a waya, ya yanke labule da akuya, ya bar shela da shafa addu'a. Da safe ya durƙusa a shagon tela.

"Baba, ni ban ce komai ba. Ga bidiyo, ka gani da idonka."

Kafin azahar an mayar da dabinon. Bachirou ya zo a guje da siminti a gira, da abokai biyu a bayansa, suna rantsuwa wasa ne.

"Ɗan wasa zai ce mini wasa ne, ya kawo 'yan wasa shaida!" Malam ya nuna musu hanya da almakashi. "Kana da mata ka ɓoye! Ku fice mini!"

Ya shiga gida yana huci. "Rékia, ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba. Amma wancan maƙaryacin, ko sunansa kada in ji."

Ta shige ɗaki, ta fizgo waya.

"Sau uku aka kira ka! Sau UKU! Kana kallon akuya!"

"Barkonota, na tuba. Wallahi ina ta jira Ɗan Ladi ya fito."

"KAI NE ƊAN LADI!"

"Na sani yanzu. Kada ki faɗa wa Baba komai. Gara in rasa ki da ki rasa shi."

Ta daɗe tana kallon saƙon nan. Ya ƙara mata haushi, don ya sa ta kuka. Duk Tayuri mutum ɗaya ne babanta zai yarda da shi, wato ita kanta, kuma mutumin nan in ya buɗe baki, ya tona asirin shekara goma sha uku.

Ta ɗauko littafin awo, ta sami babanta a tsakar gida yana shan shayi, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Baba, amaryar nan Boukari ne mai tayil. Ni na rubuta wasan. Ga hannuna, ga ranar da na rubuta. Koren mayafin ma ni na ɗinka, da ragowar yadin da ka yi ta nema ka ce ɓeraye ne."

Kofin ya tsaya a hanya.

"Ke?"

"Ni. Kowace Juma'a ina bakin ramin can. Ka hana ni, na yi shiru, amma abin bai fita ba, Baba! Ina ɗinki ina jin mutane suna magana a kaina. In laifi ne nawa ne. Shi nasa laifin wauta ce kawai, ga ta nan da yawa, amma bai da mata!"

Malam ya tashi ya fita, da littafin a hannu. Kwana shida suka wuce. Ko gaisuwarta Inna ce ke amsawa. Amma almakashinsa ya daina ƙara da hantsi, kuma Inna ta ce ta gan shi yana bin layukan littafin da yatsa, leɓensa na motsi.

Ran Juma'a Rékia ta leƙa bayan gida, ta tarar an riga ta. Babanta ne a tsugune, ido a rami. A ciki an sake wasan auren. Akuya ta gaji da labule, ta kama gefen koren mayafi ta ja. Sai ga gemun Boukari a fili.

Malam bai yi dariya ba. Ya ci gaba da kallo, wuyansa na kumbura, har mai shela ya buɗe baki.

"Kai! Ba haka ake ɗaura aure ba!" ya daka musu tsawa ta ramin. "Ina waliyyi? Ina wakilin ango? Sakarkaru! Kai magini, ka turo kawunka gobe in nuna muku yadda ake yi!"

Ya juyo ya ga 'yarsa.

"Ke kuma, waƙar ƙarshen nan ta yi tsawo." Ya kakkaɓe gwiwa. "Amma ta shiga rai."

Bayan wata ɗaya aka ɗaura. Mas'ud ya ce yana da tafiya. Da yamma mata suka fito da amarya a lulluɓe, Malam ya tare ƙofa.

"Ku tsaya. An taɓa yi mini."

Ya ɗaga mayafin da hannunsa. Idanun nan ne manya, yau babu fushi, sai ruwa.

"Tawa ce. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu amsawa in an kira su." Ya harari ango. "Ramin nan kuma, in ka toshe shi ba ni ba kai. Ka cire bulo na biyu. Innarta ma tana son gani."

A cikin mota Bachirou ya sunkuyo. "Barkonota, yau na yi daidai?"

"Ka yi tari a wajen addu'a, Inna ta ji ka."

"Murna ce ta sarƙe ni."

Ta damƙe hannunsa a ƙarƙashin mayafi. "To wannan na yafe."