Ruwan Lubban a Tankin Marhun

Da hantsi Marhun mai jirgin ruwa ya shigo ofishin Sufeto Halfan a garin Sur na bakin teku, yana janye da Ubaid, makanikensa.

"Ranka ya daɗe, a rufe shi! Ya sace mini dizal ya cika tanki da ruwa. Inji ya mutu a tsakiyar teku, da zanen iska muka dawo."

"Na zura sandar awo, tanki a cike yake," in ji Ubaid. "Idan ka kore ni, wa zai ɗauke ni a gaɓar nan?"

Sufeto mutum ne da ba ya gaggawa. Sai da ya ƙarasa gahawarsa suka tafi jirgin.

Ya buɗe famfon gindin tanki, domin ruwa ƙasa yake kwanciya, mai ya hau kansa. Ya tara a tafin hannu ya ɗanɗana. Babu gishiri. Har ƙanshin lubban yake yi, irin na tulun da aka turara.

"Ikon Allah. Ga teku kyauta, ɓarawo ya ɗauko ruwan sha?"

Ya ɗaga kai. Zanen ya sha sabon faci, igiyoyinsa suna sheƙi.

"Wa ya gyara?"

"Shekara uku ban kwance shi ba," in ji Marhun. "Haka muka same shi."

Suka wuce wurin tsoho Shinun maɗinkin zanen jirgi, yana zaune a inuwar rumfa kusa da tulunsa.

"Baba, yaushe rabonka da jirgin Marhun?" in ji Sufeto.

"Na manta kalarsa ma, ɗana."

"A ba ni ruwa mana."

Sufeto ya kurɓa, ya ji ƙanshin lubban, ya yi murmushi. Ya yaye tsohon zanen da ke gefe: jarka huɗu, cike da dizal.

Shinun ya ajiye allura.

"Ko ɗigo ban taɓa ba. Ni na ɗinka zanen jirgin Marhun. So nake in gan shi cike da iska sau ɗaya kafin in mutu."

"Me ya hana ka ɗebo ruwan teku?"

"Haba! Gishiri ya cinye tankin mutane?"

Marhun ya dafa kafaɗar Ubaid. "Yafe ni. Je ka tsiyaye tankinka."

Sufeto ya riƙo hannun tsohon suka nufi ofis. A hanya Shinun ya waiwaya.

"Marhun, tsakaninka da Allah, yaya jirgin ya tafi?"

Marhun ya sosa gemu.

"Kamar tsuntsu, Baba."