Baftismar Barnaba

"Ba zan iya ba, Mama. Ki yi haƙuri."

Abin da Zadok ya ce ke nan, yana tsaye a ƙofar ɗakin da muke haya a unguwar Demsawo cikin Yola, makullin Keke Napep ɗinsa a hannu. Mama ta roƙe shi ne ya zama uban baftisma ga ɗana Barnaba, saura sati biyu a yi. Ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Har kai, Zadok? Har kai..."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, ta ce ya fice mata daga gida. Ya fice.

Ina zaune a bakin katifa ina ba yaron nono. Komai a kunnena aka yi, amma kamar a gidan maƙwabta ake yin sa. Tun da na dawo haka nake. A ba ni abinci in ci, a ce in tashi in tashi, zagi da gaisuwa duk ɗaya ne a wurina.

Zadok saurayina ne tun muna Michika. An kai kayan tambaya, saura a sa rana, 'yan bindiga suka shigo garin a shekarar 2014. Suka kashe babana. Zadok ya bi ta kan duwatsu har ya kai Yola, ni kuwa aka tafi da ni daji. Shekara uku na yi kafin sojoji su fito da mu, ina goye da jariri ɗan wata huɗu. Ba wanda ya tambaye ni ubansa, don kowa ya sani.

Zadok bai yi aure ba. Yakan kawo mana sabulu da biredi, ya kai ni asibiti kyauta, ya ɗauki yaron ya yi masa wasa. Zancen aure kuwa bai taɓa tayarwa ba, ni ma na ɗauka tausayi ne kawai ya rage. Ban ga laifinsa ba.

Kafin shi, Kawu Tumba, ɗan'uwan babana, Mama ta fara nema. Ya ce ba zai tsaya gaban bagadi riƙe da jinin waɗanda suka kashe ɗan'uwansa ba. Mutum uku ta ƙara tambaya a coci, kowa da tafiyar da ta kama shi a ranar. Shi ya sa maganar Zadok ta yi mata zafi haka. Shi ne na ƙarshe.

Amma Mama ba ta san saduda ba. Ta ci gaba da shiri kamar ta samu mutum. Ta sayi kaji biyu ta ɗaure a bayan ɗaki, ta shanya zoɓo, ta soya gyaɗar kunu. Adda Kaltume, matar mai gidanmu, ita ta ɗinka wa yaron farar riga a kekenta, ta ƙi karɓar ko sisi. Tana ɗinki tana tambaya ko abin kamar suna yake a wurinsu Musulmi. Mama ta ce ya fi suna, ranar ne zai shiga gidan Allah. Adda ta gutsure zare da haƙori ta ce to ai dole rigar ta yi kyau.

Kowace Asabar iyaye kan je aji a wurin Baba Katekis, tsohon da ke koyar da masu shirin baftisma. Ya ce mana ruwan yana wanke zunubin da aka haifi mutum da shi, ya mai da shi sabo, ɗan Allah, kuma ruwan ba ya tambayar yaro daga ina ya fito. Sauran matan suka juyo suka dube ni. Ni ina kallon ƙadangare a jikin taga.

Asabar ta ƙarshe aka kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya don cike rajista. Baba Katekis ya rubuta sunan yaro, ya rubuta nawa. Ya kai layin sunan uba ya ja biro ya tsallake, ba tare da ya ɗago ba. Da ya zo kan uban baftisma Mama ta fara kame-kame.

Sai ga Zadok a ƙofa, da farar shat a goge, gumi ya jiƙa masa baya. Mama ta juya masa ƙeya.

"Baba Katekis, ina da tambaya," in ji shi. "Uban yaro yana iya zama uban baftismarsa?"

"Ba ya iya. Doka ta hana."

"To shi ya sa na ƙi, Mama. Layin da ya tsallake nake so."

Zadok ya ce ya je Mubi wurin yayyensa, kwana huɗu suna fafatawa. Biyu sun yarda, ɗaya ya ce ba shi ba shi. Baba Katekis ya cire tabarau ya gargaɗe shi cewa wannan littafi ba a goge shi. Sai ya kawo danginsa an sa ranar aure, ya kuma faɗa gaban Fada, limamin cocin, da bakinsa cewa ya ɗauki yaron ɗansa. Zadok ya ce ya sani.

"Kwanye," tsohon ya kira ni. "Ba na rubutawa sai kin ce."

Na dubi Zadok. Na nemi abin da nake ji a da in ya tsaya kusa da ni, ban same shi ba. Tsoro kaɗai na samu, tsoron in cuce shi.

"Zadok, ba na jin komai. Ko sonka... ban sani ba ko yana nan."

"Ban ce ki ji yau ba, Kwanye tawa."

"Mutane za su yi da kai."

"Sun daɗe suna yi. Wai na tsufa ina jiran gawa, ga ki kuma a zaune da ranki."

"In ya girma ya yi kama da su fa?"

"Zai yi kama da wanda ya goya shi a Keke. Ki bar ni in tsaya kusa da ke, masoyiyata, shi ke nan roƙona."

Mama tana kuka a cikin gyalenta. Ba wanda ya matsa mini. Can na ce wa Baba Katekis ya rubuta. Uban baftisma kuwa, tsohon ya ce a bar masa, shi ma yana da hannu biyu.

An ɗaga baftismar da sati uku, har danginsa suka zo aka sa rana. Kawu Tumba bai zo cocin ba. Adda Kaltume ta raka mu har bakin get, ta gyara wa yaron wuyan riga ta koma dafa shinkafa.

Fada ya zuba ruwa sau uku, Barnaba ya tsala ihu, mutane suka yi dariya. Ina tsaye kamar yadda aka ce in tsaya. Sai Fada ya ce uban yaro ya matso ya kunna kyandir. Zadok ya fita gaban jama'a duka, ya kunna, ya dawo gefena. Iskar fanka ta kwantar da wutar, saura kaɗan ta mutu.

Ba wanda ya ce in yi. Na miƙa hannu na kare masa ita, na bar hannun a wurin har aka gama addu'a.