Injin da Auta Ta Ɓoye wa Baba

Da faɗa suka fara, kuma duk wanda ya san Auta ba zai yi mamaki ba.

Rannan ta zo aiki da safe, kafin a buɗe ƙofofin babban kantin, ta hau injin wanke daɓe kamar kullum ta murɗa makulli. Burushi ya juya, ruwan sabulu ya sauka, amma robar baya da ke kwashe ruwan dauɗa ba ta zuƙi ko ɗigo ba. Da ta waiwaya sai ta ga ta malale tayil da ruwa tun daga layin kayan yara har bakin ƙofa.

Kamfanin da ke kula da injin suka turo makaniki. Saurayi ne siriri, da jakar kayan aiki a kafaɗa, fuskar nan a murtuke kamar an taso shi bai karya ba. Yana buɗe tankin ruwan dauɗa kumfa ta taso masa har gwiwar hannu.

"Wa ke tuƙa wannan?" ya tambaya.

"Ga ni," in ji Auta.

"Garin sabulun wanki kika zuba masa? Kumfa ta haye har cikin motar zuƙa. Malama, injin nan ba bahon wanki ba ne."

Auta ta sauko a hankali, ta tsaya a gabansa.

"Malam, ka iya bakinka. Kullum na tashi sai na juye tankin nan na ɗauraye shi, na bar murfinsa a buɗe ya sha iska. Da hannuna nake tsince zare da gashi daga burushi. Sabulunsa daban ne, da murfi nake aunawa. In ba ka iya gyara ba, ka ce ba ka iya ba, a turo babba."

Ta wanke shi soso da sabulu a gaban masu jera kaya. Shi kuwa ya sunkuya yana neman abin da zai kafa hujja da shi. Ya zaro rariyar tanki, fes. Ya shafa robar baya, a goge take. Tun a nan ya sha jinin jikinsa.

Kafin azahar gaskiya ta fito. Dogo ne, mai tuƙin yamma. Sabulun injin ya ƙare masa, ƙyuya ta hana shi zuwa sito, ya ɗebo na wanki ya antaya. Dogon nan kuwa ya daɗe yana cewa yana son Auta, ga kuma irin tsarabar da yake bar mata.

Da yamma saƙon makanikin ya shigo wayarta.

"Malama Direba, na kwafsa. Na buɗe injuna da yawa, ban taɓa ganin wanda ake riritawa kamar naki ba. A yafe wa mai saurin baki."

"Wa ya ba ka lambata?"

"Tana manne a jikin cajar batir, an ce a kira in an ga matsala. Ni kuma na ga matsala."

"Matsalarka ce. Gobe ka zo da sabuwar roba, wannan ta fara barin layi."

Ya zo da robar. Bayan nan ya zo duba batir. Ya sake zuwa duba tiyo, tiyon da lafiyarsa ƙalau. Dogo ya riƙa yawo yana cewa injin nan ya fi jariri ganin likita, ba wanda ya tanka masa.

Ta raɗa masa Sifana, sunan ƙarfen da yake kwance noti da shi, shi kuma yana kiranta Direbata. Soyayyarsu ma rabinta musu ne. Ya ce tana saurin shan kwana, ta ce ya hau ya gwada. Ya hau, ya bangaje kwandon tallan takalma, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ranar ne ya ce mata, yana tsince takalman mutane a ƙasa, "Ni fa aurenki zan yi."

"Fara koyon birki tukuna," ta ce, amma ta kasa haɗa ido da shi.

Sai dai akwai abin da Auta ba ta gaya masa ba.

Babanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana goge barandun wani babban asibiti da mofa da bokiti. Wata safiya aka tara su, shi da abokan aikinsa, aka ce an sayo inji, mutum ɗaya ya isa. Tun daga ranar ba a ambaton injin wanke daɓe a gidansu. Da Auta ta samu wannan aiki sai ta ce masa kaya take jerawa a kanta. Umma ce kaɗai ta san gaskiya, ita ma ta ja bakinta ta yi shiru.

Ranar da Sifana zai zo gaishe da Baba, abin da ta rubuta masa kawai shi ne: "Don Allah kar ka yi zancen aikina."

Ya amsa: "An gama, Direbata." A ransa ya ɗauka kunya ce irin ta 'yan mata.

Ya zo da kayansa masu guga, ya durƙusa ya gaida Baba a falo. Hira ta yi daɗi, har Baba ya sa aka ƙaro shayi. Auta tana bayan labule ita da Umma.

"Yaro, mece ce sana'arka?"

"Makaniki ne, Baba."

"Madalla. Na mota?"

"A'a, na injunan wanke daɓe. Ai a nan muka haɗu da ita. Baba, ka yi tarbiyya. Duk masu tuƙa injin nan da na sani, babu mai hannun Auta. In ta wuce wuri, ko mofa goma..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga Baba ya ajiye kofin shayi. Bayan labule Umma ta dafe ƙirji.

"Auta," Baba ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Fito."

Ta fito ta tsaya a gabansa.

"Abin da ya faɗa gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

Baba ya dube ta, sannan ya juya ga baƙon.

"Kai kake gyara shi, ita take tuƙa shi, ni kuma nake cin abin da ya kawo ban sani ba. Kun mai da ni abin dariya a gidana. Tashi ka tafi, yaro. Ba ni da 'yar da zan ba ka."

Tun bai kai bakin titi ba saƙonta ya same shi.

"Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya."

"Wallahi ban sani ba. Me ya sa ba ki gaya min dalili ba?"

"Sai na kawo maka dalili kafin ka riƙe bakinka? Haka ka yi ranar farko, ka buɗe baki kafin ka buɗe ido."

"Ke ma kin ɓoye min, Direbata. Da na sani da ko sunan injin ban kama ba."

"Kar ka sake ce min Direbarka. In inji ya lalace a turo wani."

Gidan ya koma babu daɗi. Baba ya daina amsa gaisuwarta da baki, sai dai ya ɗaga hannu. In ta shigo da cefane ya ce wa Umma shi ya ƙoshi. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta huce a kan tukwane.

A wurin aiki ma ba wanda ya tsira. Dogo ya ji ƙishin-ƙishin, ya zo yana gyara wuyan riga.

"Na ji an sallami mai sifana. Ni da ma na san..."

"Ka san me? Jiya ma a rufe ka bar tanki, na buɗe wari ya kusa kayar da ni. Ka koyi wanke abin da ka ɓata kafin ka nemi mata."

Dogo ya ja jiki, bai ƙara ba.

Shi kuwa Sifana haushi biyu ne ya haɗe masa, na kansa da nata. Bai sake turo saƙo ba. Amma duk yamma in ya tashi aiki sai ya biya ƙofar gidansu ya yi sallama. Baba ya ce a ce ba ya nan. Washegari ya dawo. Baba ya leƙo da kansa ya ce ba ya nan. Ya ce to, Allah ya dawo da shi lafiya, gobe zai sake zuwa. Auta tana jin su ta taga, tana jan tsaki, tana kuma duba ko ya rame.

Wata safiya tana tsakiyar aiki, kanti bai buɗe ba, ta hango mai gadi ya shigo da mutum biyu. Sifana ne, yana tafe a hankali, Baba na dogara sanda a gefensa. Ta taka birki har ruwan tanki ya yi tambal-tambal.

"Shi ya ce in kawo shi," Sifana ya faɗa da sauri. "Ban ce komai ba wannan karon."

"Ci gaba," in ji Baba. "Na zo in ga abin da ya fi ni."

Zuciya ta zo mata wuya. Ta sauko.

"Ba abin da ya fi ka, Baba. Amma tunda ka zo, yau zan faɗa. Ka ce na mai da kai abin dariya. Ni wa ya tambaye ni yadda nake ji in na ga kana dafa bango kafin ka miƙe? Gwiwoyinka mofa ta cinye su. Hannunka har yau tsagewa yake saboda ruwan bilic. Waɗanda suka sallame ka ko sannu ba su ce maka ba, mutane ne, ba inji ba. Su ba ka yi fushi da su a gabansu ba, sai ni da nake zaune a kan kujera ina aikin da kai ka yi a durƙushe. So kake in ɗauki bokiti in gama kamar yadda ka gama?"

Masu jera kaya suka tsaya suna kallo. Ita kanta sai da ta tsorata da bakinta.

Baba ya juya. Ya nuna mata injin da sandarsa.

Ta hau tana share hawaye da bayan hannu. Ta sauke burushi, ta saki ruwa, ta ja layi ɗaya mai tsawo har ƙarshen kantin, ta sha kwana ta dawo. Baba ya bi bayanta da sanda. Da ya kai tsakiya sai ya fara ƙoƙarin durƙusawa. Sifana ya kai hannu zai tare shi, Baba ya ture hannun. Da kyar ya kai ƙasa, ya shimfiɗa tafinsa a kan tayil.

"Har ya bushe," ya ce.

Ya sake shafa tayil ɗin.

"Ni in na goge, sai in tsaya ina gadin jiƙa, ina roƙon mutane su bi ta gefe. Su taka su wuce, ko kallona ba sa yi. In sake gogewa." Ya ɗago ya dubi Auta. "Bayanki ba ya ciwo?"

"Ba ya yi, Baba."

"Gwiwa fa?"

"Lafiya lau."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya harari Sifana.

"Kai kuma ka tsaya kana kallona? Ɗaga ni mana."

Ya ɗaga shi. Baba bai saki hannunsa ba ko da ya miƙe.

"Ban yafe wa abin nan ba, kuma ba zan yafe ba. Kai ma bakinka ya yi yawa. Amma kai kaɗai ne ka gaya min gaskiya a gidana, ko da wauta ce ta sa ka. Ka turo manyanka."

Sifana ya buɗe baki zai yi godiya, Auta ta ce, "Rufe. Kar ka ɓata." Ya rufe.

Da rana saƙonsa ya shigo.

"An yarda in ce Direbata?"

"Ban huce ba tukuna."

"Yaushe za ki huce?"

"Bayan ɗaurin aure. Wataƙila."

"Zan jira. Ina sonki, da faɗan da komai."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "Ni ma, Sifanana. Kar ka gaya wa kowa."

Aka ɗaura aure cikin 'yan uwa da abokan aiki, har Dogo ya zo ya ci ya yi guzuri. Da za a tafi da amarya, aka kawo su gaban Baba su biyun suka durƙusa. Umma tana gefe tana kuka tana murmushi. Dangi suna jiran doguwar nasiha.

Baba ya ɗora hannu ɗaya a kan Auta, ɗaya a kafaɗar angon.

"Ku yi faɗanku, na ga ba za ku fasa ba, amma kar wanda ya ɓoye wa wani komai. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari." Sannan ya ƙara da cewa, "Allah ya sa ku tsufa kuna tashi da ƙafafunku, ba mai ɗaga ku."

Kowa ya ce amin. Auta ta kifa fuskarta a kan gwiwoyinsa, ta daɗe ba ta ɗago ba.